Aikin Ƙananan Halittun Ƙasa Wajen Kewayawar Fosforas a Kurmi

1. Gabatarwa

Duk wanda ya shiga babban kurmi irin na Amazon a Amurka ta Kudu, ko na ƙasar Kwango, ya ga itatuwa masu tsawon mita 40 ko fiye sun haɗa kai a sama har rana ba ta iya taɓa ƙasa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne, lalle babu ƙasar da ta kai wannan ni'ima. Amma in aka sare kurmin aka sa wuta aka shuka masara, sai a ga shekarar fari an sami amfani, ta biyu ya ragu, kafin ta uku ko ta huɗu gonar ta gaji. To, ina abincin da ya riƙe waɗancan manyan itatuwa shekaru dubbai ya shiga?

Babban sashe na amsar wannan tambaya yana ga sinadari guda, watau fosforas, da kuma waɗansu halittu ƙanana ainun waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne, kurmin da ke kan tsohuwar ƙasa kamar ɗan kasuwa ne mai ƙaramin jari, wanda arzikinsa ya dogara ga saurin juya jarin. Ƙananan halittun ƙasa kuwa su ne masu juya shi. In suka tsaya, ciniki ya tsaya.

Game da kalmomi, iri biyu na halittun nan za mu yi ta ambata. Na ɗaya bakteriya, waɗanda ƙwaya ɗai-ɗai ne, a kan sami miliyoyinsu masu yawa cikin ƙasar da ba ta fi cikin ƙaramin cokali ba. Na biyu dangin funfuna, watau dangin abin nan da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Jikinsu siraran zaruruwa ne masu ratsa ƙasa, laimar kwaɗi da mu ke gani da damina kuwa ita ce kan da waɗansunsu ke fitarwa don su watsa iri.

2. Halin fosforas

Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand shi ya fara ware fosforas a birnin Hambug cikin 1669, daga fitsari, yana neman hanyar yin zinariya. Daga baya aka gane babu mai rai da zai rayu ba tare da shi ba. Yana cikin ginshiƙin ƙwayoyin gado, yana cikin fatar kowace ƙwayar halitta, da shi kuma jiki ke ajiye ƙarfi yana fitarwa. A jikin ɗan Adam wajen kashi 85 cikin 100 nasa yana cikin ƙashi da haƙori.

Akwai muhimmin bambanci tsakaninsa da naitirojin, ɗaya babban abincin tsiro. Naitirojin yana da rumbu a sararin sama, domin kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da mu ke shaƙa shi ne, akwai kuma bakteriya masu kamo shi su mai da shi taki, kamar waɗanda ke cikin ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake. Fosforas ba shi da irin wannan rumbu. Asalinsa dutse ne, yawanci wani ma'adini da a ke kira afatayit, kuma sai dutsen ya rududduge a hankali sa'an nan ya ke fita. Wanda ruwa ya kwashe ya kai teku ya tafi ke nan, sai bayan miliyoyin shekaru in gindin tekun ya tashi ya zama tudu.

Har wa yau, ɗan abin da ke cikin ƙasar ma ba a sake ya ke ba. Saiwa ba ta iya shan fosforas sai ya narke cikin ruwa, shi kuwa da wuya ya zauna a narke. A ƙasa mai tsami, irin jar ƙasar wurare masu zafi da yawan ruwa, tsatsar ƙarfe da alminiyam su kan damƙe shi su riƙe kam. A ƙasa mai alli kuma kalsiyam ke ɗaure shi. Saboda haka abin da a kan samu a narke cikin ruwan ƙasa bai taka kara ya karya ba, har wanda ke cikin ƙwayar saiwa ya kan ninka shi sau dubu ko fiye. Kuma ba shi da saurin tafiya. In saiwa ta shanye na kusa da ita, sai a sami wani fili na milimita ɗaya ko biyu kewaye da ita wanda babu kome cikinsa, alhali ga fosforas can gaba kaɗan amma ba ya matsowa.

3. Yadda ƙasa ke tsufa

Cikin 1976 masana biyu, Walker da Syers, waɗanda suka yi nazarin ƙasashen Niyu Zilan masu shekaru dabam-dabam, suka bayyana yadda fosforas ke sauya hali in ƙasa tana tsufa. Sabuwar ƙasa tana da afatayit da yawa, naitirojin ne ba ta da shi. Da tafiya ta yi tafiya sai afatayit ya ƙare, jimlar fosforas ta ragu, abin da ya saura kuma ya kasu biyu: wani ƙarfe ya binne shi, wani yana cikin jikin masu rai da ruɓaɓɓen ganye.

An gwada wannan magana a tsibiran Hawai, inda dutse mai aman wuta ya gina tsibiran ɗaya bayan ɗaya. Peter Vitousek da abokan aikinsa suka zaɓi wurare masu tsayi ɗaya da ruwan sama kusan ɗaya, itacen da ya fi yawa a cikinsu kuma iri ɗaya, sai dai ƙasar wani wuri shekarunta kamar 300, ta wani kuwa a tsibirin Kawai fiye da miliyan 4. Suka zuba taki iri-iri suka auna girman itatuwa. Sakamakon da suka buga cikin 1997 ya nuna a sabuwar ƙasa naitirojin ne ke ƙara girma, a tsohuwa kuwa fosforas ne. Yawancin kurmin Amazon da na tsakiyar Afirka a kan irin wannan tsohuwar ƙasa su ke. Wani gwajin zuba taki da aka yi kusa da birnin Manaus na Birazil, aka buga cikin 2022, ya tabbatar da haka, gama fosforas ne kaɗai ya ƙara yawan ganye da ƙananan saiwoyi.

Ke nan itacen tsohon kurmi matsala uku ke gabansa. Akwai fosforas da ma'adini ya ɗaure, akwai wanda ke ƙulle cikin matattun ganye da gawarwakin halittu, akwai kuma wanda ya yi wa saiwa nisa. Kowace ɗaya cikin ukun nan akwai ƙananan halittu masu warware ta.

4. Masu narkar da ɗaurarre

Cikin 1948 wani masani na ƙasar Holan, Gerretsen, ya shuka tsirrai a yashin da aka kashe dukan ƙwayoyin cikinsa, ya shuka waɗansu a yashi mai ƙwayoyi, ya ba su duka fosfat mai wuyar narkewa. Tsirran da ke tare da ƙwayoyi suka fi samun fosforas. Tun daga nan aka yi ta gano masu wannan aiki, daga cikinsu akwai bakteriya na jinsin Pseudomonas da Bacillus, da funfuna na jinsin Aspergillus da Penicillium.

Dabararsu ita ce su fitar da ruwa mai tsami, dangin wanda ke cikin lemon tsami da yakuwa. Tsamin nan aiki biyu ya ke yi. Yana narkar da fosfat ɗin da kalsiyam ya ɗaure, yana kuma kama ƙarfe da alminiyam ya shagaltar da su, har su saki abin da suka riƙe. Halittun nan sun fi taruwa a jikin saiwa, domin saiwa tana tsiyayar da sukari da waɗansu abubuwa masu daɗi a gare su. Watau itace ne ke ciyar da ma'aikatansa.

5. Masu kwance ƙullin ruɓaɓɓen ganye

Kafin ganye ya faɗi, itace ya kan janye fiye da rabin fosforas ɗin da ke cikinsa ya mai da shi jiki, a ƙasa matalauciya ma abin da a ke janyewa ya kan zarce haka. Ragowar ita ke faɗowa tare da ganye da rassa da matattun saiwoyi. A ƙasar kurmi, daga sulusin fosforas ɗin da ke saman ƙasa zuwa fiye da rabinsa a cikin irin waɗannan ragowar masu rai ya ke, a ɗinke da sinadarin gawayi, saiwa kuwa ba ta iya shansa a haka.

Abin da ke kwance shi wani ruwa ne mai suna fosfatas, wanda aikinsa kamar na almakashi ne, yana datse zaren da ya ɗinke fosfat da sauran jikin ganyen. Bakteriya suna fitar da shi, funfuna suna fitarwa, saiwoyi ma suna fitar da nasu. Abin lura shi ne ba a fitar da shi barkatai. In fosforas ya yi ƙaranci sai a ga fosfatas ya yawaita a ƙasa, in aka zuba takin fosfat sai ya ragu. Dalili kuwa, ƙera shi yana cin naitirojin mai yawa, halitta ba za ta yi wannan hasara ba sai da bukata. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Daga nan ne waɗansu masana suka kawo ra'ayi cikin 2008, cewa abin da ya sa itatuwan dangin wake suka yawaita a kurmin wurare masu zafi shi ne, suna da naitirojin na kansu da za su kashe wajen neman fosforas.

6. Kawancen saiwa da funfuna

Wannan shi ne mafi girman sha'ani cikin ukun. Cikin 1885 hukumar Farusiya ta ƙasar Jamus ta sa wani masanin tsirrai, Albert Bernhard Frank, ya binciko yadda za a noma wata funfuna mai tsada da a ke ci, wadda ke fita a ƙarƙashin ƙasa gindin itatuwa. Bai kai ga noman ba, amma ya ga abin da ya fi shi. Ya tarar ƙananan saiwoyin manyan itatuwan dajin Turai duk a lulluɓe su ke da rigar funfuna, itatuwan kuwa lafiyarsu lau. Ya ce wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, ya sa masa suna maikoraiza, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar funfuna da saiwa.

Ga yadda cinikin ya ke. Itace yana da ganye, yana yin sukari da hasken rana, funfuna ba ta iyawa. Ita kuwa funfuna tana da zare wanda ya fi gashin kan mutum siranta sau goma ko fiye, yana shiga ramukan da saiwa ba ta iya shiga, ya ƙetare filin nan da saiwa ta shanye, ya ɗebo fosforas daga nesa ya kawo. An gwada da albasa cikin 1975, aka ga zaren yana kawo fosforas daga tazarar santimita 7. Ladan funfuna kuwa sukari ne da maiƙo, wanda wani lokaci ya kan kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da tsiron ya samar. Kawancen nan daɗaɗɗe ne ƙwarai, gama an sami alamarsa cikin tsirran da suka zama dutse a Rhynie ta ƙasar Sikotilan, masu shekaru fiye da miliyan 400.

Manyan ire-irensa biyu ne. Akwai wadda ke kutsawa cikin ƙwayoyin saiwa ta yi rassa a ciki kamar ɗan ƙaramin itace, a nan a ke musayar kaya. Ita ce ta fi yaɗuwa, tana tare da wajen kashi 70 cikin 100 na jinsunan tsirrai, har da gero da dawa da masara, da ɗorawa da kaɗanya da gawo, da yawancin itatuwan Amazon. Akwai kuma wadda ke yi wa saiwa riga daga waje ta ratsa tsakanin ƙwayoyi, irin wadda Frank ya gani. Jinsunan da ke da ita ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma su ne suka mamaye dazuzzukan ƙasashen sanyi, har wani lissafi na 2019 ya nuna wajen kashi 60 cikin 100 na itatuwan duniya nata ne. A dajinmu doka da kawo suna cikin wannan rukuni. Irin wannan funfuna tana fitar da tsami da fosfatas nata, har ta kan huda ƙwayar ma'adini ta tsotso abin da ke ciki.

Masu dashen itatuwa sun ga muhimmancin kawancen nan da idonsu. A tsibirin Fato Riko an yi shekaru ana dasa itacen fayin, dashen ya yi rawaya ya tsumbure ya mutu. Cikin 1955 aka ɗebo ƙasa daga gindin fayin a jihar Karolina ta Arewa a Amurka aka zuba wa waɗansu dashe, sai suka miƙe, waɗanda ba a zuba wa ba suka ci gaba da mutuwa. Abin da ƙasar nan ta kawo shi ne funfunar da fayin ya saba zama da ita.

7. Tabarmar saiwoyi da rumbun ƙwayoyi

A waɗansu sassan Amazon, musamman inda ƙasa ta ke farin yashi, ƙananan saiwoyi su kan hau sama su saƙu da ruɓaɓɓen ganye da zaren funfuna, su zama kamar tabarma mai kauri a kan ƙasa. Cikin 1968 Went da Stark suka ce mai yiwuwa ne abinci yana wucewa daga mataccen ganye zuwa saiwa ta cikin funfuna, ba tare da ya sauka ƙasa ba. Cikin 1978 Stark da Jordan suka buga gwajin da suka yi a San Carlos de Rio Negro ta ƙasar Benezuwela. Sun yayyafa wa tabarmar fosforas mai alama, irin wanda na'ura ke iya bin sawunsa, suka tari ruwan da ya tsiyaya ta ƙarƙashi. Kusan a kowane gwaji abin da ya kuɓuce bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba.

Su kansu ƙananan halittun rumbu ne. Ba don itace su ke neman fosforas ba, don kansu su ke nema, wani lokaci ma har su yi gasa da saiwa. Wani awo da aka yi a kurmin Franz Josef na Niyu Zilan, aka buga cikin 2013, ya nuna fiye da kashi biyu cikin uku na fosforas ɗin da ke jikin masu rai a wurin yana cikin ƙwayoyin ƙasa, ragowar ce ke cikin itatuwa duk da girmansu. Wannan riƙo alheri ne ga kurmi, domin abin da ke cikin jikin ƙwaya ƙarfe ba ya damƙe shi, ruwa ba ya tafiya da shi. Ƙwayoyin kuma ba su da tsawon rai. Suna mutuwa, ƙananan tsutsotsi suna cinsu, fosforas yana fita kaɗan-kaɗan a daidai inda saiwa ta ke.

A ƙasashe masu rani da damina abin ya kan bi lokaci. Cikin 1958 Birch, wanda ya yi aiki a Afirka ta Gabas, ya nuna in busasshiyar ƙasa ta jiƙe sai ruɓewa ta tashi gaba ɗaya. Cikin 1989 aka nuna a busasshen dajin Indiya cewa ƙwayoyin ƙasa suna tara abinci da rani, su sake shi da faɗuwar damina lokacin da tsiro ya fi bukata. Manominmu mai gaggawar shuka da ruwan fari yana cin wannan moriya, ko da bai san sunanta ba.

8. Abin da ke cike giɓi

Kome iya riƙon kurmi, sai ɗan wani abu ya zube cikin rafi kowace shekara. In dutsen ƙasa ya riga ya ƙare, daga ina a ke mayarwa? Daga ƙura. A Hawai an gano cikin 1999 cewa tsohuwar ƙasar tana samun fosforas daga ƙurar da iska ke kawowa daga Asiya. Amazon kuwa daga Sahara ta ke samu. Wani lissafi da aka yi da tauraron ɗan Adam, aka buga cikin 2015, ya ce ƙurar da ke sauka a can ta kai wajen tan miliyan 27 a shekara, cikinta da fosforas kamar tan 22,000, kusan daidai da abin da ruwa ke kwashewa. Ɗaya daga cikin manyan matasar ƙura a Sahara shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, wanda a da can gindin babban tafki ne, daga wannan yanki kuma yawancin hazon da ke rufe Kano da hunturu ya ke tasowa. Amma ƙurar ma da ta sauka, sai ƙananan halittu sun kama abin da ke cikinta sa'an nan ya shiga kewayen.

9. In aka sare kurmi

Yanzu za mu iya amsa tambayar farko. In aka sare aka ƙone, fosforas ɗin da ke jikin itatuwa ya kan fito gaba ɗaya cikin toka, tokar kuma ta rage tsamin ƙasa, shi ya sa shekarar fari ta ke kyau. Amma tabarmar saiwoyi ta ƙone, funfunar da ke rayuwa da sukarin itace ta rasa mai ciyar da ita, ganye ya daina zuba. Ruwa ya wanke wani sashe na tokar, ƙarfe ya damƙe wani, amfanin gona ya tafi da wani zuwa kasuwa. Nye da Greenland, waɗanda suka yi aiki a Gana, sun bayyana cikin 1960 cewa noman sauya gona yana ɗorewa ne muddin a kan bar saura ta huta shekaru masu yawa har daji ya komo. In jama'a ta yi yawa hutun ya gajarta, sai a koma ga takin zamani.

Takin nan kuwa, tun daga supa da John Bennet Lawes ya yi wa rajista a Ingila cikin 1842, daga dutsen fosfat ko ƙashi a ke yinsa, dutsen kuma ba ya haihuwa. Wajen kashi 70 cikin 100 na ajiyar da aka sani a hannun Maroko ta ke, ko da ya ke akwai kaɗan a ƙasar Sakkwato da Tawa. Cikin 2008 farashinsa ya ninka wajen sau takwas. Kuma abin da shuka ke samu daga takin a shekarar da aka zuba da wuya ya wuce rubu'i, saura ƙasa ke riƙewa. Yawan zuba shi ma yana sa saiwa ta rage hulɗa da funfuna.

10. Kammalawa

Abin da ya kamata malami ya dasa a zukatan ɗalibansa shi ne, ni'imar kurmi aiki ce da a ke yi kullum, masu yinta kuwa suna raye, suna iya mutuwa. Wanda zai kafa gandun daji ya kula da ƙasar da ya ke renon dashe a ciki, in itacen baƙo ne ko irin su doka da kawo, ya gauraya ta da ƙasar gindin iyayensu. Wanda ke da gona kusa da daji ya san wutar da a ke sawa kowace shekara tana cinye ganyen da ya kamata ya ruɓe, itatuwan da a ke bari a gona kuma suna riƙe da abokan zamansu na ƙarƙashin ƙasa.

Koyar da wannan darasi ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Da tsakiyar damina malami ya kai ɗalibai gindin wata inuwa inda ganye ya taru, su ɗaga na sama a hankali. Za su ga fararen zaruruwa sun ɗinke ganyen ƙasa da juna, da ƙananan saiwoyi sun hau suna bin su. In akwai doka kusa, su duba laimar kwaɗin da ta fito kewaye da ita, su tona kaɗan su ga saiwoyi gajeru masu kumburi sanye da riga. Sa'an nan su je fili inda a ke ƙonewa kowace shekara su tona, su kwatanta abin da suka gani.